Filin da Ciyawa Ta Ƙi

Ranar Laraba da hantsi, Mai-Tanderu yana tsakiyar ba wasu baƙi uku labarin yadda ya taɓa saɓar sandunan dalma biyu a kafaɗa guda, sai ya hango turaku. Nan take ya katse labarin.

Sababbin turaku ne, an kafa su a kusurwa huɗu na filin da ke gefen tsohuwar ma'aikatar narkar da dalma, an zagaye su da igiyar shanya. A jikin guda an ɗaura jan ƙyalle. Ko daga nesa ya san daga inda ƙyallen ya fito: ragowar ɗinki ne daga shagon ƙanwar matarsa, wadda duk gari ke kira Mai-Keke.

"Baba, sai aka yi yaya da sandunan?" in ji ɗaya daga cikin baƙin, alƙalami a hannu.

"Sai na ajiye su," in ji tsohon. "Yau an tashi. Ku bi ta nan ku sauka, kuma kada ku taka farantin ƙarfen can, rami ne a ƙarƙashinsa."

Shekara arba'in da biyu ke nan da ruwa ya fi ƙarfin famfo ya cika ramin haƙar, kamfani ya kashe wuta, ya kwashe abin da zai kwasu, ya tafi. Ya bar ɗakin famfo ba rufi, yanzu ɓaure ya fito ta tagarsa. Ya bar tanderu biyu da bakinsu a wangame, da tsibin baƙin dutsen da wuta ta tofar. Ya bar kwararon hayaƙi, wato doguwar hanya ta dutse mai rufi, wadda ta kwanta a jikin tudu tun daga bayan tanderu har ƙoli inda bututu yake tsaye. Ma'aikatan kuwa, wasu ƙasa ta rufe su, wasu sun bi 'ya'yansu birni. Saura mutum ɗaya. Kuma gwargwadon yadda shaidu ke raguwa, haka muƙaminsa yake ƙaruwa, har ya wayi gari shi ne shugaban tanderu, mai kallon narkakkiyar dalma sau ɗaya ya faɗi tsarkinta. Ba wanda ya naɗa shi jagoran baƙi, saboda haka ba wanda ya isa ya sauke shi.

Bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar shagon. Mai-Keke tana taka keken ɗinki, allura biyu a bakinta. Ta cire su.

"Mijin Yaya! Tarihi ne ya ƙare da wuri yau, ko baƙin ne suka gudu?"

"Turakun wa na gani a filin ma'aikata?"

"Namu ne, ƙungiyar mata. Hukuma ta ba mu aron wurin mu yi lambu. Alayyafo, latas, karas, har da kabeji in ya yarda. Asabar za mu juye ƙasa mu zuba iri. In ka yi ladabi, za mu ɗauke ka korar tsuntsaye."

"Ba za a shuka komai a wurin nan ba."

"To fa. Saboda me?"

"Ƙasar ba ta da kyau."

Mai-Keke ta dakatar da keken. "Fili fes, ba ƙaya, ba kututture, ba ko silin ciyawa da za mu sunkuya mu cire, ga rafi a kusa. Mun zagaye garin nan kaf, ba mu ga wurin da ya share kansa da kansa ba sai nan. Kuma kai da bakinka ka gaya mana dalili." Ta miƙe, ta turo ciki gaba, ta kumbura murya irin tasa. "‘A kan dutsen nan nake tsayawa kowace safiya, ma'aikata ɗari biyu a gabana da manyan takalma. Su suka daddaɓe ƙasar nan, shi ya sa har gobe ciyawa ba ta iya huda ta.’ Sau nawa na ji wannan? To ƙasar da aka daddaɓe ai maganinta fartanya da taki."

Wata mata da ta zo karɓar ɗinki ta rufe baki da mayafi.

"Akwai dafi a cikinta," in ji shi.

"Bara waccan cewa ka yi azurfa ce a ƙarƙashin ɗakin famfo. Mijina ya yi kwana uku yana haƙa, ya dawo min da tsohon takalmi ƙafa ɗaya da ciwon baya. Bana kuma dafi ne. Mijin Yaya, in kana tsoron mu tare maka hanyar baƙi ne, faɗi, mu bar maka 'yar siririyar hanya ta tsakiya."

Ya fita bai yi sallama ba. Gwiwoyinsa biyu suna masa zugi, kamar su ma sun ji abin da aka ce.

Domin gwiwoyin nan sun san abin da garin bai sani ba. Mai-Tanderu bai taɓa riƙe tanderu ba ko na wuni ɗaya. Shi ɓera ne. Haka ake kiran mutum tara da ke shiga kwararon hayaƙi da rarrafe duk ranar da aka kashe wuta, tsumma a hanci, makankari a hannu, suna kankare farar tokar dalma da hayaƙi ya manna a bango. A da, tokar ana mayar da ita tanderu a sake narkarwa. Amma a shekarar ƙarshe, da aka kashe wuta gaba ɗaya, kamfani ya ce a kankare kwararon tas a tara tokar a fili, wai mai saye zai zo. Wata huɗu yana jigilarta da amalanke da alfadari. Mai saye bai zo ba. Sai aka ce ya rufe ta da jan yashi kada iska ta kwashe, ya rufe, ya daddale da bayan shebur. Ba faretin da aka taɓa yi a wurin. Shi kaɗai ne, da alfadarin.

Ƙaryar ma ba babba ya haife ta ba. Ranar da ya je neman aure, baban yarinyar ya tambaye shi aikinsa, ya ce, "A wajen tanderu nake." Kuma ai a wajen yake, ta baya. Daga nan abin ya yi ta girma kamar ɗan maƙwabta, bai san ranar da ya fi shi tsayi ba.

Ranar Alhamis da safe ya tafi ofishin malamin gona, don a zo a auna ƙasar a hutar da shi magana. Ya tarar da ƙofa a kulle da takarda a manne: an tafi kwas, sai bayan mako uku. Daga can ya wuce filin, ya duba gabas ya duba yamma, ya tuge turakun nan huɗu ya jefa su bayan ɗakin famfo. Kafin la'asar mata sun dawo da na ƙarfe, sun buga su da guduma, sun ƙara jan ƙyalle har uku. Ya bi ta wajen masu sayar da kayan miya ya saki maganar cewa macizai sun yi gida a filin. Kafin ya kai gida labarin ya riga shi, an ce Mai-Keke ta ce macizan su zo Asabar da fartanyarsu.

Ranar Juma'a da rana ya zauna a tsakar gida, abinci a gabansa, yana juya cokali. Matarsa tana bakin famfo tana wanke sabuwar butar ban-ruwa, irin mai kan nan da huda-huda, tana jujjuya ta a rana kamar wadda aka yi wa kyautar zobe.

"Malam, abincin ne bai yi ba?"

"Ya yi."

"To ka ci mana. Tun shekaranjiya kake kallon kwano kamar zai ba ka labari." Ta ɗaga butar. "Ni kunya biyu aka ba ni, ta wajen dutsen da kake tsayawa. Alayyafo zan zuba. In jikokin nan sun zo hutu sai sun ce sun gaji da ganye."

Cokalin ya faɗi daga hannunsa. Ya tuna da alfadarin, yadda ya riƙa lasar ƙafarsa in toka ta manne masa, yadda daga baya ya riƙa zagaye a wuri ɗaya yana tuntuɓe da inuwarsa. Ya tuna da sauran ɓeraye takwas, da yadda hannuwansu suka saki tun daga wuyan hannu kafin su cika hamsin.

"Kada ki je gobe," in ji shi.

"Saboda macizan?"

Ya buɗe baki. Shekara arba'in da bakwai na aure suka zo suka zauna masa a kan harshe. Ya rufe.

"Ka ci abincinka," in ji ta, ta ci gaba da wanke butarta.

Asabar da sassafe mata goma sha shida suka hallara a filin, da fartanyoyi, da buhunan taki, da gwangwanayen iri. Mai-Keke ta ɗaura ɗankwali tamau, ta rataya tef ɗin awo a wuya kamar za ta yanka wa filin riga. Tana cikin raba kunyoyi sai ga Mai-Tanderu ya ɓullo ta bayan tanderu, shebur a kafaɗa, yana haki. Ya tsallake igiya ya tsaya a tsakiyar filin.

"Masha Allah!" in ji Mai-Keke. "Shugaba ya zo duba fareti. Mata, ku jeru."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

"Tokar dalma ce a ƙarƙashin ƙafafunku," in ji shi. "Daga dutsen can har bakin rafi. Duk ganyen da ya fito a nan, in ya fito, guba ne. Babba ya ci ya lalace a hankali, yaro ya ci ya lalace da wuri."

"Wa ya gaya maka?"

"Ni na zuba ta."

"Kai? Shugaban tanderu guda, mai ma'aikata ɗari biyu, shi ne zai ɗauki shebur ya zubar da shara? Haba Mijin Yaya, ko ƙarya ai tana son a ɗinke mata gefe."

Ya dubi matarsa. Tana can baya da butarta, ba ta dube shi ba. Ya dubi bututun da ke ƙoli, wanda ya yi shekaru yana nuna wa baƙi da sanda yana cewa nasa ne. Sannan ya cire hula.

"Ban taɓa zama shugaban tanderu ba. Ko kusa da bakinsa ba a barina in tsaya. Ni ɓera ne. Kwararon can nake shiga da gwiwa ina kankare toka. Dutsen nan kuma ban taɓa hawa kansa ba sai in zan ɗaure wa alfadari buhun abinci."

Ya tsaya yana jiran abin da ya yi shekara arba'in da bakwai yana tsoro.

Sai wata mai sayar da sabulu ta fashe da dariya. "Kai, Baba! Wannan sabo ne, ban taɓa jin sa ba!"

Shi ke nan, sauran suka ɗauka. Wata har da riƙe ciki. Mai-Keke ta share hawaye da bakin tef ɗinta. "Wallahi ka iya. Don dai ka hana mu lambu, yau har ɓera ka zama? Gobe kuma me, gafiya?"

Mai-Tanderu ya tsaya da hula a hannu, baki a sake. Duk abin da ya zata zai faru, bai zaci wannan ba. Sau ɗaya tak a rayuwarsa ya faɗi gaskiya a bainar jama'a, ita ce kuma aka fi yi wa dariya.

Ƙarar buta da aka dire a ƙasa ce ta katse su.

"Ku bar dariya," in ji matarsa. Ba ta ɗaga murya ba, amma Mai-Keke ta haɗiye tata nan take. "Wannan karon gaskiya ya faɗa."

"Yaya, ke ma?"

"Ni ke wanke masa kaya. Mai aikin bakin wuta, rigarsa ce ke hudewa ta gaba saboda tartsatsi. Na ga na maƙwabcinmu a kan igiya shekara da shekaru, kamar rariya. Shi kuwa wannan, rigarsa lafiya lau, gwiwar wando ce ke mutuwa duk wata. Tun makon farko da aka kawo ni na gane." Ta juya ga ƙanwarta. "Ke, da me kika koyi faci?"

Idanun Mai-Keke suka fara girma. "Wandunan nan? Masu kaurin nan da kike tara min a kwando, kina cewa in na ɓata ba komai?"

"Su fa."

"Duk a gwiwa," in ji Mai-Keke a hankali. "Kullum a gwiwa. Ni na zaci yawan salla ce."

Wannan karon dariyar da aka yi gajeriya ce, kuma wasu sun fara duban ƙasar da suke tsaye a kai.

Mai-Keke dai ba a kayar da ita da baki kawai. Ta naɗe hannun riga. "To ɓera ne, mun ji. Amma filin nan na sha wuya kafin a ba mu shi, sau biyar ina hawa benen ofis. Ba zan tuge turakuna don gwiwar wando ba. Nuna min."

Ya mayar da hularsa, ya ce kowa ya koma ta inda iska ke fitowa, ya sa aka yayyafa ruwa da sabuwar butar matarsa don kada ƙura ta tashi. Sannan ya kafa shebur. "Taƙi ɗaya jan yashi ne. Daga nan sai fari-fari mai ruwan toka."

Shebur na farko ja. Na biyu ja. Mai-Keke ta fara murmushi. Na uku ya fito da wani abu mai laushi kamar gari, launin tsohon kwano, ba saiwa ko ɗaya a cikinsa, ba tsutsa, ba tururuwa.

"Toka ce kawai," in ji mai sabulu. "Toka ma ai taki ce."

"Ba ni gwangwani biyu masu girma ɗaya."

Aka juye iri a ƙyalle aka miƙa masa. Ya cika ɗaya da abin da ya haƙo. Ya aiki mai sabulu ta tsallaka rafi ta ciko ɗayan da ƙasar can. Ya ajiye su a kan dutsen da ya yi shekaru yana cewa mumbarinsa ne.

"Ɗaga," ya ce da Mai-Keke. "Ke da kike gane yadi da hannu ko ido a rufe."

Ta ɗauki na ƙasar rafi da hagu. Ta kai dama ta ɗauki ɗayan, sai kafaɗarta ta karkata. Ta sauya hannu. Ta sake sauyawa. Ta ajiye gwangwanin a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ta dubi tafin hannunta.

"Kawo sabulun nan naki," ta ce da mai sabulu. "Kowa ya taɓa ƙasar nan ya wanke hannu har gwiwar hannu. Ke, ɗauke yarinyar nan daga ƙasa, goya ta!"

Nan da nan fili ya hautsine. Masu kwashe buhunan taki na yi, masu kakkaɓe takalma na yi. Mai-Keke ta je kusurwa ta kama turken ƙarfen da ta buga da hannunta shekaranjiya, ta girgiza shi, ta yi ta fama har ya fito. Ta tsaya tana haki, ta dubi mijin yayarta sama da ƙasa.

"Shekara nawa kana cika mana kunne, ashe ɓera muke ba wa kujerar gaba a taro."

"Ki faɗi duk abin da kike so."

"Zan faɗa, ba yau kaɗai ba, ka shirya." Ta kwance igiyar ta tura masa a ƙirji. "Amma yanzu ba wanda ya san iyakar abin nan sai kai. Wuce gaba. Duk inda amalankenka ya taka, nuna mana mu kafa turke. Litinin zan sake hawa benen nan, su zo su katange shi da waya kafin awakin mutane su gane hanya. Lambu kuma mu nemi wurin da ciyawa ta yarda da shi."

Ya karɓi igiyar. Ya fara tafiya daga bakin kwararon hayaƙi, yana bin hanyar da ba kowa ke ganinta ba sai shi, mata goma sha shida a bayansa da turaku da guduma. Ba su taɓa bin sa shiru haka ba. Matarsa ta zo ta jera da shi, butar a hannunta.

"Tun makon farko?" ya tambaya, bai dube ta ba.

"Tun makon farko."

"Ba ki taɓa cewa komai ba."

"Me zan ce? Kana shiga ramin nan kana fitowa da ranka. In mutum ya fito daga wurin nan ya ce shi sarki ne ma, ni ba zan yi masa gardama ba." Ta gyara riƙon butar. "Amma da ka bari na zuba alayyafon nan yau, da ka ji magana."

Ya tsaya inda ƙasa ta ɗan yi tudu, ya nuna da ƙafa, aka buga turke. Ya ja igiya ya ci gaba. Kafin su kai bakin rafi muryarsa ta fara dawowa wurinta.

"A daidai nan ne," ya ce da matan, yana nuna gangaren, "alfadarin nan ya taɓa jan amalanke uku a haɗe."

"Malam," in ji matarsa.

"Biyu."

"Malam."

Ya yi gyaran murya. "Ɗaya ne. Amma a cike yake. Ku buga turke a nan."